Mutumin da ba ya zama in mace ta shigo

Kawuna Cleophus Winbush bai taɓa barin mace ta shigo ɗaki ta same shi a zaune ya ci gaba da zamansa ba. Ko yarinya ce, ko mai goge daɓe ce, sai ya miƙe ya cire hula. Haka kakarsa ta rene shi can Alabama a ƙasar Amurka, da addu'a da jan kunne, kuma da wannan hali ya zo Toledo lokacin da ya biyo yayarsa, wato mahaifiyata, neman aiki. Na tashi ina alfahari da shi a kan haka, har yau kuma ina yi. Amma ladabin nan ya kusa ja masa ƙarasa rayuwarsa a gidan jinyar tsofaffi, kuma ban yafe wa waɗanda suka mayar masa da shi laifi ba.

Aikin rufin gidaje ya yi tun yana saurayi har ya yi furfura. Da zafi da sanyi yana can sama da guduma. In kana cikin motarsa ba ka da sakewa, don kowane layi aka shiga sai ya nuna maka rufin da ya buga, ya kuma zagi wanda wani ya buga. Matarsa, Anti Idella, ta rasu ba su samu haihuwa ba, sai ya sayar da ɗan gidansu ya biya kuɗin asibitinta, ya kama ɗaki a saman bene. Bai yi wa kowa kuka ba. Ranar Lahadi zai sa kwat ɗinsa ruwan toka ya tafi coci, bayan an tashi ya zo gidana ya ci soyayyar tarwada da burodin masara, ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Ciwon suga ne ya fara cin sa, ya ɓoye. Daga nan ƙoda ta gaza, aka sa shi wankin ƙoda sau uku a mako. Sai wani ɗan gyambo a tafin ƙafar hagu, wanda ya yi ta rufewa da safa har ya yi wari. Aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa. Asibiti suka ce ba za su sallame shi zuwa saman bene ba, suka tura shi gidan jinyar tsofaffi, wai na ɗan lokaci. Duk wanda ya san gidajen nan ya san ma'anar ɗan lokacinsu. Su karɓe fanshonka, su bar maka abin sayen sabulu, su haɗa ka ɗaki da wanda ba ka zaɓa ba.

Ni Darnetta sunana, girki nake yi a makarantar firamare, kuma a hawa na uku nake haya, ba na'urar hawa, matakala ce zalla. Da ina da inda zan sa shi da ban kwana ya kwana can ba.

Abin da ya rage mana takardar haya ce, wadda gwamnati ke biyan kaso mafi yawa na kuɗin haya, kai ka cika da ɗan abin da ke hannunka. A garinmu an rufe ɗaukar suna shekara da shekaru. Don haka muna yin abin da kowa ke yi: duk inda aka ji an buɗe, ko ina ne, a zuba suna. A cocinmu akwai wata dattijuwa, Marvella, wadda ba ta da aiki sai bin diddigin wannan. Ana gama waƙar ƙarshe za ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa wuri kaza sun buɗe, ranar Juma'a za su rufe. Haka na sa sunan Kawu a wata ƙaramar gunduma can kudu, bakin kogi, inda daga ni har shi ba wanda ya taɓa takawa. Na ma manta da na sa. Sai ga sunansa ya fito.

Murnar ba ta yi nisa ba. Doka ta ce in ba mazaunin wurin ba ne kai lokacin da ka sa suna, sai ka je ka zauna can shekara guda cur kafin a bar ka ka ɗauki takardarka ka koma inda kake so. Kuma takardar tana da wa'adi, in ba ka samu gida ba ta mutu, ka koma ƙarshen layi. Mutum mai shekara saba'in da wani abu, mai wankin ƙoda, ba shi da wani ƙarshen layi da zai koma. Amma dokar tana da ƙofa: mai nakasa zai iya neman a ɗage masa zaman shekarar, in ya nuna lalurarsa ce ta hana.

Na je na same shi da zancen. Yana zaune a keken guragu kusa da taga, ƙafar robar da aka yi masa tana cikin wando, takalmin ya sha goga. Ba ya yarda kowa ya gan shi ba ita. Ni kaina ban taɓa ganin dungun ba.

"Kawu, za mu rubuta musu cewa kai nakasasshe ne."

"Wa?"

"Kai mana."

"'Yar nan, ki iya bakinki. Ƙafa ɗaya ce ta yi gaba ta bar ni, shi ke nan."

"To ita kalmar da suke so ke nan. In ba a faɗe ta ba, ba gida."

"Ke ki faɗa musu. Ke ce mai baki."

Na rubuta. Likitansa ya ba mu takarda mai layi biyu, don yana sauri. Ofishin gundumar suka ce sai mun zo da kanmu. Na ɗauki hutu a wurin aiki, na ari motar coci mai ɗaukar keken guragu, muka kama hanya da asuba. Tafiya ce ta kusan rabin yini.

Aka sa mu a wani ɗan ɗaki mai tebur da tuta. Ƙofa ta buɗe, wata mata ta shigo rungume da fayil, ta ce sunanta Madam Hostetler. Kafin in ankara, Kawu ya dafe hannun kekensa, ya miƙe tsaye cak, ya cire hula. Har ya yi taku ya ja mata kujera. Na ga jijiyar wuyansa ta fito, na ga gumi a goshinsa. Ita ba ta ga wannan ba, murmushinsa ta gani.

"Malam Winbush, yaya jiki?"

"Lafiya lau, ranki ya daɗe. Ba ni da abin kuka."

"Kana iya hawa matakala?"

"Ranki ya daɗe, ni na rufe hasumiyar coci a Toledo ana zuba ƙanƙara."

Ta yi dariya, ta rubuta. Na ce mata wannan tun zamanin da yake da ƙafa biyu ne. Ta ce da shi take magana. Na shure shi ta ƙarƙashin tebur, ashe ƙafar robar na shura, bai ma ji ba.

Mazanmu baƙar fata na zamaninsa haka suke. A gaban ofis, musamman gaban Baturiya mai biro a hannu, ba a nuna rauni. An koya musu cewa wanda ya yi raki shi ake fara sallama daga aiki, kuma a zamaninsu gaskiya ne. Kawu ya yi abin da ya tsare masa mutuncinsa tsawon rayuwarsa. Matar da take wannan aiki ya kamata ta san haka. In ma ba ta sani ba, ai ga keken guragu a gabanta.

Ta ba mu sunayen masu gidajen haya na garin, ta ce mu duba. Muka duba. Garin kan tudu yake, gidajen duk tsofaffi, kowanne sai ka hau matakalar katako kafin ka kai baranda. Wani ma daga titi ake fara hawa. Babu bas. Na tsaya a gidan mai na tambayi inda ake wankin ƙoda, mai shagon ya ce sai an tsallaka kogi an yi tafiyar fiye da awa guda. Kawu yana jin mu ta taga. A hanyar dawowa ya yi barci baki buɗe, da muka iso sai da maza biyu suka ɗauke shi zuwa gado. Washegari ma'aikaciyar jinya ta ce mini dungun ya sale saboda tsayuwar da ya yi.

Amsa ta zo: an ƙi. Suka rubuta cewa an ga mai nema ya tashi ya yi tafiya ba tare da taimako ba, kuma da bakinsa ya ce ba abin da ke damunsa. A kicin ɗin makaranta na karanta, na buga tukunya a kan murhu har shugabar girki ta leƙo.

Na je na karanta masa da ƙarfi, kalma bayan kalma, a gaban abokin ɗakinsa, wani tsohon direban babbar mota mai suna Pruitt, wanda talabijin ɗinsa ba ya mutuwa.

"Ka ji? Ladabinka ya cinye maka gida."

"To da me kike so in yi? Mace ta shigo in zauna kamar buhun siminti?"

"Eh. Kamar buhun siminti."

Pruitt ya rage sauti. "Cleophus, ni da ka tambaye ni. In na ga mai biro, har tari nake ƙirƙirowa."

"Kai ai ba ka da uwar da ta rene ka."

"Ina da ita. Ita ta koya mini tarin."

Na samu lauyoyin da ke taimakon talaka kyauta. Wadda ta ɗauki wayata muryarta duk gajiya, amma ba ta ɓata mini lokaci ba. Ta ce mu nemi a sake sauraron maganar kafin wa'adi ya ƙare, mu koma wa likita ya rubuta komai dalla-dalla, mu karɓo takarda daga wurin wankin ƙoda. Sannan ta ce, duk takardun nan ba za su goge abin da aka gani da ido ba, sai shi da kansa ya buɗe baki. Na zauna a ofishin likitan nan har aka fara kashe fitilu, na ce ba inda za ni sai ya rubuta fiye da layi biyu. Ya rubuta shafi biyu.

Saura Kawu. Na ce za mu yi gwaji. In fita waje, in shigo, shi kuma ya zauna. Na fita, na turo ƙofa, ya miƙe.

"Kawu, ni ce fa. Ni da ka goya."

"Jikina ne ya yi, ba ni ba."

Na sake fita, na shigo. Ya riƙe hannun keken da ƙarfi, ya zauna, amma hular tana hannunsa. Pruitt yana ta dariya har da buga gado.

"An samu ci gaba, 'yar'uwa. Gobe ki zo da igiya."

Can wata mai kawo magani ta shigo ba zato, ya miƙe mata. Na zauna a bakin gadon na ce masa ni na gaji. Na ce in nan yake so ya mutu, yana jin tallar katifa daga talabijin ɗin Pruitt, ya gaya mini in daina kashe hutuna. Na faɗa da zafi, kuma ban janye ba.

Ya daɗe yana juya hular.

"Ba na so in mutu a nan, Netta."

"To ka faɗa musu."

"Zan faɗa. Amma ba ke za ki gaya mini yadda zan faɗa ba."

Muka sake kama hanyar nan. Wannan karon ɗakin ya fi girma. Madam Hostetler tana can zaune da fayil ɗinta. Mai yanke hukuncin daga wani ofis aka ɗauko, ba mu san ko wane ne ba. Duk hanya ina roƙon Allah ya sa namiji ne. Ƙofa ta buɗe, sai ga mace, tsohuwa mai farin gashi da tabarau a rataye a wuya.

Kawu ya miƙe, ya cire hula.

Na rufe ido. Na ji biron Madam Hostetler yana tafiya a kan takarda.

Tsohuwar ta ce ya zauna. Ya ce, "Sai kin zauna, ranki ya daɗe." Ta zauna, shi ma ya sauke jikinsa cikin keken, a hankali, yana numfashi da baki. Aka ba Madam Hostetler dama ta fara. Ta ce mutanen manyan birane suna zuwa su kwashe takardun da aka ware wa gundumarsu su gudu, alhali nasu talakawan suna layi, wasu a mota suke kwana. Dokar shekara guda don haka aka yi ta. Ba zan ce ƙarya ta yi ba. Amma ba Kawu ne ya rufe ɗaukar suna a garinmu ba, kuma ba shi ya sa takardun suka yi kaɗan ba. Ta ƙarasa da cewa ga shi yanzu ma kowa ya ga ya tashi da kansa.

Tsohuwar ta juyo. "Malam Winbush, kana da abin cewa?"

"Ina da shi. Ku yi mini afuwa, abin da zan yi ba a yin sa a gaban mata."

Ya ɗora hular a kan tebur. Ya sunkuya ya fara naɗe ƙafar wandonsa ta hagu, ninki bayan ninki, kamar mai shirin shiga ruwa. Ya danna wani abu, ya zare ƙafar robar da takalminta, ya jingine ta da ƙafar tebur. Ya cire safar da ke kan dungun. Wurin ya yi ja, ya sale a gefe, ga bandeji da jini ya ɓata. Ban taɓa gani ba sai ranar. Na ji kamar in tashi in tsaya a gabansa in kare shi, amma na danne kaina a kujera.

"Wannan tsayuwar da na yi miki yanzu, ga abin da take ja mini. Ina iya tashi. Ba na iya daɗewa. Matakala ko uku ba zan hau ba, na gwada ba wanda ya sani, na faɗi."

Ya naɗe hannun rigarsa, ya nuna inda jijiya ta kumbura saboda allurar wankin ƙoda.

"Nan suke ɗaura ni da inji. In na fito ko cokali ba na iya riƙewa, 'yar nan ce take zuwa ta ba ni abinci, bayan ta gama ciyar da 'ya'yan mutane. In na zauna a garin nan ba mai kai ni, ba mai ɗauko ni. Wancan zuwan an tambaye ni jiki na ce lafiya. Haka aka koya mana amsawa. Ba lafiya ba ne."

Ya sauke hannun rigar. Na san kalmar da ta rage, na kuma san ta fi masa yankan ƙafar ciwo.

"Ni nakasasshe ne, ranki ya daɗe. Ki rubuta."

Ta rubuta. Ta karɓi takardun likita ta karanta duka, ba ta tsallake ba. Ta tambayi Madam Hostetler ko a cikin gidajen da ofishinsu ya sani akwai guda ɗaya da keken guragu zai shiga. Madam Hostetler ta buɗe fayil, ta rufe, ta ce sai ta bincika. Tsohuwar ta ce ba sai ta wahala ba. Ta ɗage masa zaman shekarar, ta ce a tura takardarsa Toledo, a kuma ƙara masa wa'adi.

Da za su fita daga ɗakin bai tashi ba, don ƙafar tana jingine da tebur. Ya sunkuyar da kai har suka wuce. Na miƙa hannu zan taya shi mayarwa, ya ce in jira shi a waje.

Muka kama hanyar gida. A mota ban ce masa ya yi ƙoƙari ba, don na san zagi zan sha. Abin da nake ji shi ne haushi. An ba shi haƙƙinsa, haka ne, amma sai da aka sa dattijo ya tuɓe a gaban baƙi kafin a yarda da abin da keken guragu ya riga ya faɗa. Wasu a coci suka ce in yi godiya in yi shiru. Na gode wa Allah. Shirun ne ban yi ba, shi ya sa nake rubuta wannan.

Samun takarda daban, samun gida daban. Na buga wa masu gidaje waya har kunnena ya yi zafi. Da na ambaci takardar haya sai gidan ya zama an riga an kama. Wani ya yarda, na je na tarar ƙofar banɗakin ko keken jariri ba zai wuce ba. Daga ƙarshe wani tsohon mai gyaran famfo, Malam Szymanski, ya ba mu ɗaki da falo a ƙasa, kan layin da bas ke bi zuwa wurin wankin ƙoda. Masu duba gida suka zo suka ce sai an sa ƙarfen riƙewa a banɗaki, ya sa. Mazan cocinmu suka zo ranar Asabar da katako suka yi gangarar keken guragu daga ƙofa zuwa titi. Muka kwaso kayansa, ba su cika mota ɗaya ba. Pruitt ya ce a gaya masa in ya ji kewa ya dawo, gadon yana nan.

Lahadin farko na dafa wake da ganye da naman talotalo, na ɗauko tukunyar da zafinta. Na murɗa hannun ƙofa, a kulle. Na ƙwanƙwasa da gwiwar hannu.

"Waye?"

"Ni ce, Kawu. Buɗe, tukunya tana ƙona ni."

"Ke wa?"

"Darnetta mana."

"Kin yi waya kin ce za ki zo?"

"Kawu, Allah zan zubar da waken nan a kan gangararka."

Na ji ƙarar keken yana tahowa, ba sauri yake ba. Ya zare sarƙa, ya murɗa makulli, ya buɗe ƙofar kaɗan ya leƙo ni daga ƙasa har sama.

"Nan gaba ki riƙa yin waya. Gidan mutane ne."

Ya ja da baya ya ba ni hanya. Na wuce kicin na ajiye tukunyar, na tambaye shi inda ya sa faranti.